Baƙon da Ke Cikin Foldar Gida

Na san abin da kuke faɗa idan kun haɗu da Sallah kun zaci ina ɗaki ina barci. Kuna cewa Mama ta bar gonar Batagarawa ta ɗauki tsohuwar kwamfuta, ga shi yanzu gari ya kai wurin, an yanka filaye an yi benaye, mu kuwa an bar mu da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Abba ne mai fara zancen, Bilki ta ƙyalƙyale da dariya, Nafisa ta ce ku yi a hankali kada ta ji. To ina ji. Kunnena ɗaya ne ya mutu, kuma ba shi nake juyawa wajen ƙofa ba. Ban ji haushinku ba, don ban taɓa zaunar da ku na faɗa maku yadda aka yi ba. Lokacin kuna ƙanana, da kuka girma kuma sai na ga zancen zai yi kama da na mai taɓin hankali. Yanzu da hannuna ya fara rawa, gara in rubuta tun ina iya riƙe biro.

Mahaifinku Isiyaku mai hoto ne, wannan kun sani. Shagonsa yana nan kusa da Ƙofar 'Yandaka, inda ake sayar da katifu yanzu. Da wuya ka shiga gida a unguwannin nan ba ka ga aikinsa a bango ba: biki, suna, saukar karatu, mai tafiya Makka, ɗan makarantar da aka ce ya kawo hoto gobe. Amma shi kansa ba ya tsayawa gaban kyamara. In an matsa masa sai ya ce aikinsa ɗauka ne, ya wuce. Sau ɗaya tak na ci galabarsa, satin sunan Nafisa. Ya ajiye kyamara a kan tabarma ya ɗauki jaririya, ni kuwa na wawuro ta na danna kafin ya ankara. Hoton ya fito a karkace, na yanke masa saman hula, ya daɗe yana yi mani tsiya a kai. Duk hotunanmu na takarda a kwali ɗaya suke bisa durowa, wata damina rufin ya yi yoyo, gara ta ƙarasa abin da ruwa ya bari. Allah ya sa kafin nan ya riga ya kwafe su cikin kwamfutar shago, wadda ya saya lokacin da masu hoto suka fara barin fim. Ya zuba su a folda ɗaya ya sa mata suna Gida. Kullum sai ya ce zai sake wanke mana su idan ya samu sarari, bai kuwa samu ba. Wata rana ya dawo cin abincin rana ya ce kansa yana sara masa, ya kwanta, kafin a kira la'asar ya cika.

Na shiga takaba a hannun Gwaggo Hajjo, yayarsa, wadda ta kwaso kayanta ta dawo gidanmu don ta zauna da ni. Kun san ta a tsufanta tana ba ku alewa, ba ku san ta da ƙarfinta ba. Takabar Gwaggo irin ta mutanen da ce. Ba kwalli, ba turare, ba lalle, wannan kowa ya sani. Amma ita ta ƙara da nata: ba ɗaga murya, ba tafiya da sauri, ba kallon madubi, kuma ko bayi zan zaga sai da 'yar wuƙa a hannuna, wai don kada wanda ya tafi ya biyo ni. Malamai suna cewa yawancin wannan babu shi a littafi, amma ba malamai ke kwana a ɗakina ba. Ta yafa wa madubin durowa zani. Da Alhaji Mamman, babban wansu, ya kwaso kayan shago ya kawo gida don kada ɓarayi su fasa, aka rasa inda za a ajiye kwamfutar sai ɗakina. Na duƙa zan goge mata ƙura, sai na ga wata mata a cikin baƙin gilashinta, idanu sun faɗa, tana kallona. Sai da na ja da baya kafin na gane ni ce. Gwaggo ta gani, ta samo wani zanin ta rufe ta ita ma.

A gidan nan ni kaɗai na san kan abin. Kafin a haifi Bilki na yi shekaru ina buga tafireta a wani ofis a GRA, kuma ban bar aikin ba sai da aka fara kawo kwamfutoci aka koya mana abin da ya samu. A lokacin an fi kawo wuta da rana, tsakanin azahar da la'asar, daidai sa'ar da gida yake yin tsit. Ku kuna Islamiyya, Nafisa tana barci, Gwaggo tana gyangyaɗi a rumfa da carbi a hannu. Na yi ta daurewa, har ranar da na kasa. Na yaye zanin na kunna ta. Ta yi wani ƙas-ƙas a cikinta, a hankali, kamar mai taunar aya, shi kuwa mahaifinku ba ya aiki sai da aya a aljihu. Na buɗe Gida, ga ku nan kun fito ƙanana-ƙanana jere da juna, ga Abba da sabon takalmi, ga ni da ciki, ga kakarku marigayiya Inna a kan kujera. Ina gangarawa ina share hawaye, har na kai ƙarshe. A can ƙasa, bayan hoto na ƙarshe, na ga wani abu da ba hoto ba.

Fayil ne, amma koɗaɗɗe. Sauran duk suna da launinsu sosai, shi kuwa ya yi fari-fari, kamar tufar da rana ta cinye, har kana hango abin da ke bayansa. Sunansa Thumbs.db. Mahaifinku bai taɓa sa wa abu suna da Turanci ba, shi da ke rubuta Bikin Gidan Wanzamai, Sunan Auta, Inna da Akuyarta. Na danna shi ya ƙi buɗewa. Sai na duba kwanan watansa, kamar yadda aka koya mana a ofis. Kowane hoto a wurin yana ɗauke da ranar da mai shi yake da rai. Wannan kuwa ranar yau ce a jikinsa, da sa'ar da nake zaune. Na waiwaya, ba kowa, sai labule yana ɗan motsi. Na ce bari in goge shi, sai kwamfutar ta tsayar da ni da wani gargaɗi da ban taɓa gani ba, wai wannan ba nawa ba ne, in na cire shi wani abu zai iya lalacewa, na tabbata? Na yi bismilla na ce na tabbata. Ya ɓace. Na kashe ta na mayar da zanin, na ɗauki wuƙata da na manta da ita a ƙasa.

Washegari na buɗe, yana nan. Wuri ɗaya, koɗewa ɗaya, sai dai kwanan watan ya koma na ranar. Na fita daga Gida na shiga foldar wani biki, yana can. Na shiga ta 'yan makaranta, yana can. Duk inda na sa ƙafa sai in tarar ya riga ni, kuma kullum da sa'ar da na shigo a goshinsa. Ban san na yi salati da ƙarfi ba sai da na ji Gwaggo a kaina.

"Ke Rabi, mi kike yi? Wa ya ce ki buɗe wanga abu?"

"Gwaggo, zo ki gani. Jiya na goge shi da hannuna."

Ta matso da fuskarta, ta runtse ido. Ba ta karatun boko, amma ta ga koɗewar.

"Wanga da ba shi da jini a jika?"

"Shi. Kuma ranar yau ce a rubuce a kanshi."

Ta ja da baya har ta taka mani ƙafa.

"Innalillahi. Isiyaku ya yi sati nawa a ƙasa, wa ke rubuta ranar yau? Ɗiyata, baƙo gare ki a ɗakin nan. Ba ki ga inda kika tahi shina biye da ke ba?"

Tun daga ranar sunansa ya zama baƙo. Gwaggo ta karɓe wuƙar takabata ta ɗora bisa kwamfutar, ta ba ni wata. Ta turara ɗakin da tazargade har Nafisa ta yi ta tari. Ta sa aka yi rubutu, ta yayyafa a bango da ƙofa, da na ƙyale ta da ta zuba har cikin injin. Ta kuma hana ni kunnawa. Amma Gwaggo tana da barcin rana, ni kuwa ba ni da shi. Ina jin tsoron abin ƙwarai duk lokacin da zan gangara ƙasan foldar. Kuma ina son in gan shi. Tun da aka fita da mahaifinku babu abin da ya sake dawowa gidan nan don ni, sai wannan. Sai ya zama ina goge shi da gangan kafin in kashe, gobe in buɗe in tarar da shi, in ji wani sanyi da wani firgici a tare. Wata rana har na ji bakina ya ce masa sannu da zuwa. Na toshe bakin da hannu, na daɗe ina istigfari.

Zance ba ya kwana a cikinmu. Gwaggo ta faɗa wa mai kawo mana nono daga rugar bayan gari, mai nono ta shiga gida goma kafin ta koma. Kafin sadakar arba'in an gama sanin cewa hotunan da Isiyaku ya ɗauka ne suka hana shi kwanciya, shi ne yake zagayowa yana neman a sauke masa su. Masu zuwa gaisuwa suka daina shiga ɗakina, sai su tsaya a tsakar gida. Ranar da Alhaji Mamman ya zo, ya tsaya a bayan labule kamar yadda ya saba tun da na shiga takaba.

"Salamu alaikum. Uwar Abba, ina wuni? Ya gida, ya yara? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Yaya. Ya ƙoƙari?"

"Alhamdu lillahi. Magana ce ta kawo ni. Ni zancen baƙo bai dame ni ba, wanda ya tahi ya tahi. Amma kin san abin da ke cikin injin nan. Matan mutane ne, amare ba lulluɓi, waɗansu mazansu kaɗai aka ɗaukar mawa. Amana ce a wuyan ƙanena. In aka zo rabon gado aka sai da shi, hannun wa za su faɗa? Na yi magana da Malam Buhari, gobe zai zo ya share su."

Ban iya musa masa ba, don gaskiya ya faɗa, kuma mahaifinku da kansa ba ya barin kowa ya leƙa hotunan matan mutane. Malam Buhari abokin sana'arsa ne, tare suke kai wankin hoto. Na ce to, amma a bar mani na gida. Alhaji ya ce wannan ai ba sai na roƙa ba, in dai faɗa wa Buhari sunan wurin. Da safe Allah ya sa aka kawo wuta da wuri. Na kunna, Gwaggo tana kallona ba ta hana ni ba, don a ganinta ban kwana nake yi. Na buɗe Gida na bi su ɗaya bayan ɗaya tun daga sama, ban tsallake ko guda ba, ban san me ya sa ba. Da na kai ƙasa baƙo yana nan. Na ɗora linzamin kwamfutar a kansa zan goge kamar kullum, sai na ji ba na so. Na bar shi.

Mai takaba ba ta zama ɗaki ɗaya da namijin da ba muharraminta ba, a dokar Gwaggo in bare ne ko muryarta bai kamata ya ji ba. Da Malam Buhari ya yi sallama aka mayar da ni ɗakin Gwaggo, ita ta zama 'yar aike tsakaninmu. Na riƙe hannunta na ce ta ce masa ya share komai amma ya bar wadda aka rubuta wa Gida. Na maimaita mata har sau biyu. Ta ce ta ji. Daga inda nake ina jin gunjin muryoyinsu ba na rarrabe kalma, ina kuma jin ƙas-ƙas ɗin nan ya ƙi tsayawa, ya daɗe fiye da yadda na taɓa ji. Da ya tafi ta shigo tana gyara ɗaurin kallabi, fuskarta a sake, rabon da in ga haka tun kafin rasuwar.

"An gama. Na ce mashi ya kwashe duka."

"Duka? Gwaggo, Gida fa?"

"Har ita. Ai nan baƙon ya fi zama, da bakinki kika hwaɗa mani. Ki bar ƙanena ya huta, Rabi."

Na manta da tafiya a hankali, na manta da wuƙa. Na kunna ina addu'ar kada a ɗauke wuta. Malam Buhari ya yi aikinsa tsaf. Ya sa injin ya tattaro duk wani abu da yake hoto, ya share su gaba ɗaya, ya zubar da kwandon shara, ya bi da wani abu da ya faɗa wa Gwaggo cewa ko gwani ba zai tono su ba, saboda amana. Foldojin suna nan da sunayensu, amma wayam. Na buɗe Gida. Fari fat, babu ku, babu Inna, babu shi da hularsa da na yanke. Sai baƙo shi kaɗai, ya hau can sama ya zauna a wurin hoto na farko, tunda ba hoto ba ne aikin bai bi ta kansa ba. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauki gawa. Gwaggo don son ɗan'uwanta ta yi, wannan na sani, kuma na yafe mata kafin ta rasu. Amma ba a shekarar ba.

Daga ranar baƙo ya daina motsi. Kwanan watansa ya tsaya cak, na buɗe yau na buɗe gobe, bai canja ba. Gwaggo ta ce ka gani, ya samu abin da yake so, saura a share shi shi ma a sayar da injin. Ni kuwa yanzu ne na fi jin tsoron gogewa, don jikina ya ba ni cewa wannan karon in ya tafi ba zai dawo ba. Kuma akwai abin da ya tsaya mani a rai. A ofis na san takardar da ba a rubuta komai a ciki ba, ba ta da nauyi a injin. Shi wannan yana da nauyi, kuma na Gida ya fi na sauran foldojin. Ban san me yake ɗauke da shi ba, aljani ne ko sharri ko saƙo. Na dai san a duk abin da mahaifinku ya bari, shi kaɗai ne ya taɓa zama wuri ɗaya da fuskarsa. Ba ni da damar fita in tambayi wanda ya sani, ba ni da damar kiran namiji ya zauna ya duba mani, ga rabon gado ya matso.

Ranar rabon aka shimfiɗa tabarmi a zaure, malami ya zo, aka yi wa komai ƙima. Kasonku yana nan ba wanda ya taɓa. Nawa, tumunin takaba, aka ce ya faɗa a gefen gonar Batagarawa da ke bakin hanya, kwamfuta da kyamarori kuwa za a sayar, wani mai shago ma ya riga ya taya, ya ce zai wanke cikinta kaf ya zuba nasa. Aka aiko Gwaggo ta tambaye ni ko na yarda. Na ce mata ta zauna. Na tashi na je bayan ƙyauren zaure, na ɗaga muryar da aka hana ni ɗagawa.

"Yaya, a ba ni injin a cikin kasona. A mayar da gonar cikin na kowa."

Na ji wani ya yi tari.

"Uwar Abba, ki yi tunani. Ƙasa tana nan har jikokinki. Wanga abu shekara nawa zai yi? Kuma babu komi a cikinshi, a gabana aka share."

"Na yi tunani. Shi nake so."

Malamin ya ce in magada sun yarda babu laifi. Alhaji ya yi ta ja, daga baya ya ce Allah ya sa kada in yi nadama. Aka sayar da gefen nan aka raba yadda aka raba, ni na koma ɗaki da akwatina. Ba zan ce maku abin ya zo da sauƙi ba. Shekarun da suka biyo baya na sayi geron da da daga gonata zai fito, na koma buga wa ɗalibai takardu don in ciyar da ku. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu shigowa kallon talabijin a gidanmu. Bilki, ranar da kika dawo da kuka wai an ce uwarki tana kiwon aljani a akwati, ba ƙarya yaran suka ƙirƙira ba, daga bakin iyayensu suka ji.

Ina fita takaba, tun lallen bai gama kama hannuna ba, na ɗauki hayar mota na kai kwamfutar wurin Hajiya Talatu. Tare muka yi tafireta da ita a GRA, ita ta ci gaba har ta buɗe shagon buga takardu da kwamfutoci. Na ba ta labari tun daga farko ina kallon ƙasa. Ta fara dariya, da ta ga fuskata ta haɗiye.

"Rabi, wannan ai kowace kwamfuta tana da shi. Ita ke yin kayanta. A ɓoye yake zama, mai gidanki ne ya yaye mashi labule, masu hoto suna yin haka in suna farautar cutar kwamfuta da filas ɗin mutane ke kawo masu. Ba a kashe shi, ɓoye shi ake yi. Duba."

Ta shiga wani lungu na injin inda ake zaɓar abin da folda za ta nuna, ta sa alama a wani ɗan akwati, ta fito. Baƙo ya ɓace. Gida ta koma fari tas, ba ko ɗigo. Na kama hannunta da ƙarfi.

"Talatu, ina kika kai shi?"

"Shina nan, ba ki ganin shi ne kawai." Ta cire alamar, ya dawo.

"To wa ke dawo da shi in na goge? Wa ke rubuta ranar?"

"Ke mana. Duk sanda aka buɗe folda mai hotuna, injin sai ya yi ƙananan kwafinsu ya adana a cikin wannan, don gobe ya nuna maki su da sauri. Kin goge, kin dawo kin duba, ya sake yi. Da ba ki leƙa ba da bai dawo ba. Kallonki ne ke kiran shi."

Na zauna a kan benci. Watanni ina zaton wani ne yake zuwa wurina, ashe ni ce nake zuwa. Na ji kunya, na ji kuma wani irin maraici sabo, kamar an sake yi mani rasuwa. Sai can maganarta ta dawo mani.

"Kin ce ƙananan kwafi?"

Ta dube ni, ta dubi gilashin, ta dubi nauyin fayil ɗin. Ta daina murmushi.

"Yaushe kika buɗe ta ƙarshe kafin a share?"

"Da safen ranar. Na bi su duka."

"Kin goge shi bayan nan?"

"A'a."

"To kada ki bari kowa ya taɓa shi. Ko ni."

Ita ma ba ta san yadda ake buɗe shi ba. Sai da ta yi ta tambaya, aka aiko mata da wani faifai daga Kano, aka yi makonni. Ranar da ta kira ni, muka zauna mu biyu da rana tsaka ta rufe ƙofar shago. Ta danna, injin ya yi ƙas-ƙas ɗinsa, sai suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, kowanne bai fi kan sarkin da ake manna wa wasiƙa girma ba, dishi-dishi. Wanda ya fara fitowa shi ne mahaifinku, a karkace, saman hula a yanke, yana kallon jaririya. A foldar, hoton nan can kusa da ƙarshe yake, na sani don kullum sai na gangara nake iske shi. Na tambayi Talatu me ya kawo shi gaba. Ta ce injin yana da nasa tsarin da ba ruwansa da namu. Na ce to. Har yau to ɗin nake cewa.

Na foldojin mutane na sa ta share su tas a gabana, don amanar da Alhaji ya faɗa tana nan. Na Gida kuwa na ce ta mayar masa da labulensa. Ba don ina tsoronsa ba kuma, sai don na ga abin da tsoro yake sa mutane su yi wa abin da ba su gane ba. Abin da ido bai gani ba, hannu ba zai kai masa ba.

Hotunan da ke bangon falo, waɗanda kuke cewa mai wankin ne bai iya aiki ba, daga nan suka fito. An buɗa su ne fiye da ƙarfinsu, shi ya sa suka yi hazo. Nafisa, wanda kika ɗauka kika tafi da shi gidan mijinki, wanda kike nuna wa ɗanki kina cewa ga mai irin goshinsa, ba ki da wata fuskar uba sai ita, kuma gefen gonar Batagarawa ne kuɗinta. Ki tambayi kanki ko za ki mayar a ba ki fili. Injin yana nan ƙarƙashin gado, har yanzu yana tashi in an lallaɓa shi. Ranar da aka shimfiɗa tabarmi a zaure don nawa rabon, wanda injin ya faɗa hannunsa zai buɗe Gida ya ga fari fat, ya ce ai babu komai. Kada ya goge. Kuna ciki dukanku, da mahaifinku.